Ɗana yana jin ihun yara a layi, mahaifinsa ya hana a fito da shi

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, 'ya'yana huɗu. Na ukunsu namiji ne mai shekara 8. Kwana uku da haihuwarsa ciwon shawara ya kama shi, aka ce mu riƙa shanya shi a hantsi muna ba shi ruwan gulukos, ba mu kai shi asibiti ba sai da jikinsa ya fara sanƙarewa. Allah ya raya shi, amma har yau ba ya tafiya, zama ma sai an tokare shi da matashi, hannuwansa suna motsi ba da son ransa ba, maganarsa kuma mu 'yan gida kaɗai muke ganewa. Duk da haka yana da wayo, ya haddace surori da dama daga bakin yayyensa. Abin da ke cin raina shi ne kullum da yamma sai ya ja jiki zuwa bakin ƙofar ɗaki yana sauraron yara suna ƙwallo a layi, idan suka yi ihu shi ma sai ya yi. Bara da ƙaramar Sallah mahaifinsa ya ɗauke shi kallon hawa, wani mutum ya ajiye masa naira hamsin a cinya ya wuce. Tun daga ranar ya ce ɗansa ba zai ƙara fita a mayar da shi mabaraci ba. Surukata, wadda muke gida ɗaya, ta goyi bayansa, ta ce fitar da irin wannan yaro jawo masa baki ne. Yayarsa mai shekara 12 ita ke goya shi, har tana fashin Islamiyya tana kukan ciwon baya. Makarantar unguwarmu ta ce ba ta da wurin irinsa. Kwanan nan zan ɗauki adashe. Ƙanwata ta ce in saya masa babbar waya ya riƙa wasa a ɗaki kowa ya huta, ni kuma zuciyata tana kan keken guragu. Amma mene ne amfanin keken da ba za a fita da shi ba? Ba na son saɓa wa mijina, ba na kuma son ɗana ya girma bai san wasa ba. Ki ba ni shawara don Allah.

Daga wata uwa, Kano.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba yaron lafiya, ya sa wahalar da kike sha a kansa ta yi nauyi a mizaninki. Na karanta wasiƙarki har sau uku, kuma wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda kika ce idan yaran layi suka yi ihu shi ma sai ya yi. Yaron da yake bin wasa da kunne, ya san lokacin da aka ci ƙwallo, ya kuma ɗaga murya tare da waɗanda ko ganinsu ba ya yi, ya riga ya faɗa miki abin da yake so. Saboda haka tun daga farko ina gaya miki cewa kina kan gaskiya, domin wasa da sa'o'insa haƙƙinsa ne, kuma buƙatarsa gare shi ba ta gaza ta gashi (wato motsa masa gaɓoɓi a asibiti) da magani ba. Sai dai gaskiyarki ba za ta amfane shi ba idan kika kai ta gaban maigidanki a matsayin gardamar da dole ɗayanku ya sha kaye, domin yaron yana buƙatar kafaɗar mahaifinsa kamar yadda yake buƙatar bayanki.

Bari in fara da ke, domin na ji ɗacin da ke cikin layin da kika ambaci kwanakin shawara. Shanya jariri a hantsi da ɗura masa ruwan gulukos dabara ce da ta daɗe tana yawo a gidajenmu, kuma mai jegon kwana uku ba ita ke yanke hukunci a ɗakinta ba. Kin bi abin da manya suka ce da niyyar neman sauƙi, don haka ki daina tuhumar kanki. Abin da ya faru shi ne sinadarin da ke sa ido da fata su koma ruwan ɗorawa ya yi yawa a jininsa har ya taɓa sashen ƙwaƙwalwa mai daidaita motsin gaɓoɓi. Wannan tabo ba ya ƙaruwa, ba a kuma ɗaukarsa ta wasa ko ta cin abinci a kwano ɗaya, kuma yana da kyau iyayen yaran layi su ji haka daga bakinki. Sau da yawa irin wannan lalura takan bar hankali da fahimta lafiya ƙalau, kamar yadda haddar ɗanki ta nuna, amma takan taɓa ji, don haka ki nemi a auna masa kunne a asibiti ko da kuna ganin yana ji, domin yaro yana iya jin ihu sarai alhali wasu sautukan magana suna kuɓuce masa. Abin da ke lalacewa da tafiyar lokaci shi ne jikin da aka bari wuri ɗaya, inda jijiyoyi ke ɗaurewa, gwiwa ta ƙi miƙewa, baya ya karkace, wani lokaci ƙashin ƙugu ya goce daga mazauninsa.

Duk uwar da ta taɓa kai ɗa gashi ta san irin faman da ake yi kafin ya miƙa hannu sau goma bisa umarni. Amma yaron nan da kansa zai miƙa hannun ya sake miƙawa ba tare da an ce masa uffan ba idan akwai ƙwallon da yake son turawa kafin abokinsa ya riga shi. Haka magana take. Ku 'yan gida kun saba da shi har kuna ƙarasa masa zance kafin ya kai ƙarshe, yaran waje kuwa sai ya maimaita ya ƙara fito da harafi kafin su gane, kuma wannan matsi ne mai amfani. A cikin wasa ne kuma ake koyon jiran layi, da haƙurin shan kaye, da faɗa da shiryawa, abubuwan da babu uwar da za ta iya koya wa ɗanta a ɗaki komai ƙaunarta gare shi.

Game da maigidanki, ina roƙonki kada ki ɗauki hanin da ya yi a matsayin jin kunyar ɗansa. Wanda yake jin kunyar ɗansa ba zai saɓa shi a kafaɗa ya kutsa cikin taron hawan Sallah da shi ba. Mutumin nan ya fita yana alfahari, ya dawo an soka masa abu a zuciya, kuma tunda ba shi da yadda zai yi da jama'ar gari sai ya rufe ƙofar da yake da iko a kanta. Shi ma wanda ya ajiye kuɗin ba da mugunta ya yi ba, lada yake nema, ya kuma tashi a garin da galibi ba a ganin mai lalura a titi sai yana miƙa hannu. A nan ne nake son maigidanki ya dubi lamarin da kyau. Babban abin da ya sa ake yi wa duk mai lalura kallon mabaraci shi ne waɗanda ba sa bara iyayensu sun killace su a gida, sai ya zama idon jama'a bai saba ganin yaro a keke yana tafiya makaranta ko masallaci da mahaifinsa ba. Hausawa suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Baƙon ido ne ke ajiye naira hamsin, amma mai shagon layi da ke ganin yaron kowace yamma sunansa zai kira ya tambaye shi wa ya ci wasan jiya. Filin hawa kuma shi ne wuri mafi wahala da za a fara da shi, ga turmutsutsu, ga ƙura, ga dawakai, kuma babu wanda ya san ku. Ƙofar gida daban take.

Ki zaɓi lokacin da ya ci ya huta, ba a gaban Hajiya surukarki ba, ba kuma a gaban yara ba. Ki fara da faɗa masa cewa ke ma abin ranar Sallah ya yi miki ciwo, domin mai yiwuwa har yau babu wanda ya ce masa haka. Kada ki nemi ya janye maganarsa, abu ne mai nauyi ga magidanci. Ki roƙe shi abu ɗaya ƙarami, wato wata yamma ya zauna kusa da yaron lokacin da ake ƙwallo a layi ya kalli fuskarsa. Bayan haka ki nemi ya raka ku asibiti ya ji bayanin likitan gashi da kunnensa, sannan ki bar masa ɓangaren kafinta da mai walda da birkila. Na lura maza da yawa suna samun sauƙin irin wannan damuwa idan aka ba su aikin da za su yi da hannunsu, kuma uban da ya tsaya a kan mai walda har aka gyara wa ɗansa keke da wuya ya bar keken ya yi tsatsa a zaure. Idan ranar fita ta zo wani ya sake miƙo kuɗi, amsar gajeriya ce kuma babu wulaƙanci a cikinta: Allah ya saka da alheri, ba bara yake yi ba, ɗana ne, a sa shi a addu'a. Yana da kyau kuma ku tuna tare da labarin Amru ɗan Jamuh, sahabin da ke da gurguntaka mai tsanani, wanda 'ya'yansa suka so hana shi fita yaƙin Uhudu saboda tausayinsa, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa cewa yana da uzuri, amma ya ce wa 'ya'yan kada su hana shi. Abdullahi ɗan Ummi Maktum kuwa makaho ne, ya yi ladanci, an kuma sha barinsa ya ja ragamar Madina idan Annabi ya yi tafiya.

Hajiya ma tsoronta daga ƙauna ya fito, kuma ba za ki ci riba ba idan kika tsaya nuna mata cewa baki ba shi ne ya kwantar da jikanta ba. Annabi (SAW) yakan nema wa Hasan da Husaini tsari da cikakkun kalmomin Allah, kuma bai kulle su a ɗaki ba, har bayansa suke hawa yana sujada a masallaci. Ki ba ta wannan matsayi, ya zama ita ce mai tofa wa yaron addu'a kafin a fito da shi. Idan kuma tana da tatsuniya a baki, ki shimfiɗa tabarma kusa da ita bayan Magariba ki bar jikokinta su kira 'ya'yan maƙwabta biyu ko uku. A zaman tatsuniya da kacici-kacici kowa a zaune yake, kuma yaron da ya haddace surori ta ji zai riga da yawa daga cikinsu gano amsa. Abin da kawai ba za ki yi sassauci a kai ba shi ne hayaƙi mai shaƙe numfashi, da tsaga, da ɗura masa jiƙo da ƙarfi, domin masu irin lalurarsa sukan sami matsalar haɗiya, ruwa ya bi ta hanyar iska ya sauka a huhu.

Yanzu ga maganar adashe. Tsakanin keke da babbar waya, ra'ayina keke ne ba tare da wani kokwanto ba, amma kada ki je kasuwa ki sayo shi da ka. Keken guragu, kamar yadda aka saba kiransa, kamar takalmi yake, kowa da nasa awon. Na ga yara da dama an zaunar da su a keken manya irin na tura marar lafiya a asibiti: yaron ya nutse a ciki, ya zame gaba har ƙugunsa ya bar jingina, kansa ya langaɓe gefe, ƙafafunsa suna lilo ba su taka komai ba, hannu ɗaya kuma ya maƙale a ƙarfen gefe don kada ya faɗi. Yaron da ke amfani da hannunsa wajen riƙe kansa ba shi da hannun wasa. Keken da ya dace shi ne wanda faɗin mazauninsa ya yi daidai da ƙugun yaron, tsawon mazaunin ya bar kamar yatsa biyu tsakanin bakinsa da bayan gwiwa, tafin ƙafa ya zauna daram a kan matakinsa, akwai ɗamara a ƙugu da matokari a gefen ƙirji, da na kai idan wuyansa bai yi ƙwari ba, da soso mai kyau a ƙarƙashi. Idan an samu a haɗa masa ɗan faifan katako a gaba kamar tebur, shi ne zai zama filin wasansa da wurin cin abincinsa da karatunsa. Ki kai shi sashen gashi na Asibitin Ƙashi na Dala, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Asibitin Murtala, ki ce musu a fili keke kike son saya, su auna shi su faɗa miki irin wanda ya dace, su kuma duba ko yana buƙatar takalmin da ke riƙe idon sawu. Ki ambata musu yanayin layinku, domin ƙananan tayoyin gaba suna nutsewa a yashi suna maƙalewa a bakin kwata. Keke mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, irin wanda ƙungiyar waɗanda suka kamu da shan inna ke ƙerawa a nan Kano, ya taimaki mutane da yawa, amma yana son ƙarfin damtse da bayan da ke tsayawa da kansa, don haka kada ki saye shi sai likitan gashi ya ce ɗanki zai iya.

Bayan an kawo keken, kullum da dare ki duba mazaunansa da ƙashin bayansa da diddigensa. Idan kika ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran fata, bai kuma washe ba bayan kamar rabin sa'a da sauke shi, to wurin yana shan matsi kuma gyambo na iya biyo baya, sai a gyara soson ko a rage tsawon zaman. Kada ya wuni a keke, a riƙa sauya masa yanayi tsakanin zama da rub da ciki da tsayuwa a jikin abin tokare. Yaro kuma girma yake yi, don haka duk wata shida a sake duba awon. Ƙofar gida ma tana son gyara, kuma wannan ba baƙon aiki ba ne ga birkilolinmu, tunda gidaje da yawa suna da gangaren siminti na shigar da babur. Bambancin kawai shi ne na keke ya fi son kwanciya: ƙa'idar da aka saba bi ita ce kowane inci ɗaya na tudu a ba shi tsawon ƙafa ɗaya, wato dokin ƙofa mai inci 6 yana son gangare mai ƙafa 6.

Idan kuɗin bai kai ba, kada ki karaya, kuma ba ke kaɗai ba ce, domin rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna cewa a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal na masu buƙatar irin waɗannan kayan taimako ke samun su. Kafinta zai iya haɗa kujerar kusurwa, wato katako biyu da suka haɗu kamar lungun ɗaki, da ɗan turke mai soso tsakanin cinyoyi don hana zamewa, da tebur a gaba. Wannan kujera tana zaunar da yaro a ƙasa daidai tsayin sauran yara, abin da ma keke ba ya yi. A wasu ƙasashen Afirka ana yin irinta da kwali da tsofaffin takardu da kunun fulawa, idan ta bushe ta ɗauki nauyin yaro. Ko wadda za a yi, a nuna wa likitan gashi ya ga zaman yaron a ciki.

Wayar ba abin ƙi ba ce, sai dai dalilin da ƙanwarki ta kawo, wato ya zauna a ɗaki kowa ya huta, shi ne ainihin abin da nake tsoro, domin za ta sa ya yi shiru har ku ɗauka matsalar ta wuce. Abin da ya fi buƙata kafin waya shi ne hanyar da yaran waje za su fahimce shi, kuma wannan kwali ɗaya ya isa. Ki raba shi gida shida ko takwas manya-manya, kowane gida da hoto, ki lulluɓe da leda mai haske, ya riƙa nunawa da hannu ko da ido. Iyaye sukan cika kwalin da ruwa da abinci da banɗaki da ciwo, su manta da kalmomin wasa. Ki sa masa na “ni ne yanzu”, da “a sake”, da “ban yarda ba”, da “an yi maguɗi”, domin yaron da ba zai iya musu ba ba a ɗaukarsa abokin wasa. Wayar da ke hannunki ma ta isa a ɗauki muryar yayansa yana faɗin waɗannan kalmomi, ko a kunna masa karatu da waƙoƙin makaranta, na ɗan lokaci kuma tare da wani.

Wasan da zan fi so ku fara da shi sunansa boccia. An shigar da shi gasar Olamfik ta nakasassu tun 1984, kuma masu irin lalurar ɗanki aka fara shirya wa shi a gasar. A zaune ake yinsa. Ana jefa farar ƙwallo ɗaya a fili, kowane ɓangare yana da ƙwallo shida, ɗaya ja ɗaya shuɗi, wanda nasa ya fi kusa da farar shi ya ci. Wanda hannunsa ba ya iya jifa yana turawa da ƙafa, ko ya gangaro da ƙwallon ta kan wani abu mai kama da indararo yana faɗa wa mai riƙe masa inda zai karkata shi. A gida tsofaffin safa da aka cika da yashi aka ɗaure sun wadatar, rabin bututun roba kuma ya zama indararon. Alherin wannan wasa shi ne ido da dabara ke cinsa, ƙarfin ƙafa ba ya ƙara wa kowa komai, don haka ɗanki zai iya cinye yaron da ya fi kowa gudu a layinku ba tare da an yi masa alfarma ba. Dara ma za a iya zana ta da manyan gidaje a kan faifan kekensa a yi da murafen jarka, ludo kuma a sa ƙwayar da ake kaɗawa cikin gorar roba mai haske a rufe, ya girgiza ya ajiye ba tare da ta ɓace ba. A guji ƙananan duwatsu da duk abin da zai iya shiga baki. Ƙwallon da yake so ɗin ma ba ta fi ƙarfinsa ba, a rage faɗin raga, a sami ƙwallo mai laushi, a zaunar da shi gola a kan tabarma. Ki gaya wa mahaifinsa cewa a ƙasar nan aka ƙirƙiro ƙwallon guragu da ake bugawa da hannu a kan katako mai taya, Misbahu Lawan Didi ne ya assasa ta a 1988, kuma Kano tana cikin jihohin da suka yi suna a wasan. Idan azumi ya zo, a ba shi gwangwanin kiɗa ya bi 'yan tashe gida biyu ko uku, wanda a nan kowane yaro ake ba kyauta, babu mai cewa bara ce. Wasan ruwa a baho yana sassauta jiki, amma kada a bar shi shi kaɗai ko na ƙiftawar ido, musamman idan yana da farfaɗiya.

Su kuma yaran layi, da ɗan gari akan ci gari. Kowane layi yana da yaron da sauran ke bi, ki fara da shi da wani guda ɗaya, a tsakar gidanku. Za su yi tambayoyi ba kunya, me ya sa miyau ke zubo masa, me ya sa hannunsa ke karkarwa, ki amsa musu a taƙaice ba tare da fushi ba, domin abin da aka bayyana wa yaro ba ya daɗe yana tsokana a kansa. Kada ki saye su da alawa, ranar da ta ƙare za su watse. Kada kuma ki ce su riƙa bar masa yana ci, zai gane, kuma zai fi jin ciwon wannan fiye da shan kaye. Akwai wata dabara da ake yawan yi, a ba mai lalura usur a ce shi ne alƙalin wasa. Ba laifi wani lokaci, amma idan kullum shi ne alƙali to har yanzu kallo yake yi. Wata rana za a tsokane shi ya yi kuka, kamar yadda ake yi wa kowane yaro, sai ki rarrashe shi ki yi magana da uwar wanda ya yi, washegari a koma wasa.

'Yarki mai shekara 12 ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta, kuma ciwon bayan da take faɗa gaskiya ne, domin ɗan shekara 8 ba goyon yarinya ba ne. Daga yau fashin Islamiyya ya ƙare, ɗaga yaron kuma ya koma kan manya, likitan gashi ya nuna muku yadda ake yi ba tare da an ji ciwo ba. Ki yaba mata a gaban mahaifinta, ki kuma ware mata lokacin da za ta je gaɗa da ƙawayenta ba tare da ƙaninta ba. Idan aka bar ta a haka ƙaunar da take masa tana iya komawa ƙosawa, shi kuma yana buƙatarta a matsayin yaya har tsufansu. Ke ma ranar gashi ki saki jiki da sauran iyayen da ke kan benci, ku karɓi lambar juna, a wurinsu za ki ji kafintan da ya iya kujera da wanda ɗansa ya girme wa kekensa yana neman mai karɓa.

Maganar makaranta kuma kada ki ɗauke ta a rufe. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda ta ba su haƙƙin ilimi kyauta har matakin sakandare, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu, sannan a 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Aiwatar da dokar yana tafiyar hawainiya, amma tana ba ku ƙafar tsayawa. Sau da yawa idan shugaban makaranta ya ce ba su da wuri, abin da yake nufi shi ne bai san yadda zai yi da banɗaki da rubutu ba. Ku koma ke da maigidanki da buƙata ƙayyadaddiya: aji na ƙasa kusa da ƙofa, sa'a biyu a rana don gwaji, wani babba daga gida zai zo lokacin tara, a kuma yi masa tambaya da baki ko da kwalinsa maimakon rubutu. Ku roƙi kada a bar shi a aji idan an fita tara. Idan makarantar gwamnati ce ta ƙi, akwai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, akwai kuma reshen jiha na haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu buƙata ta musamman. Makarantar Tudun Maliki an fi saninta da koyar da kurame da makafi, don haka ga ɗanki na fi son makarantar da sa'o'insa na unguwa ke zuwa. Islamiyyar da yayarsa ke zuwa ita ce mafi sauƙin farawa, kuma malamin da ya ji haddarsa da wuya ya mayar da shi.

Idan bayan duk wannan maigidanki ya tsaya a kan bakansa, kada ki fitar da yaron a ɓoye, domin ranar da ya gano za ki rasa amincewarsa, yaron kuma ya koma ɗaki da ƙarin tsanani. Abin da ya hana shi ne fita, bai hana yara shigowa ba, don haka ki ci gaba da tabarmar Hajiya da wasan tsakar gida, daga nan a matsa zaure. Idan an kwana biyu ki nemi wanda yake jin maganarsa, yayansa ko amininsa ko limamin masallacinku, ya yi masa magana a matsayin mai tambayar lafiyar yaron, ya ce yana son ganinsa a sahu ko da sallar La'asar ce. Kafin ranar ɗaukar adashen kuma, ki zauna da ɗanki ku biyu, ki nuna masa safa mai yashi da ludo da ƙwallo, ki tambaye shi wanne yake so a fara da shi da kuma wane yaro yake so a fara kira, ki jira har ya gama amsawa komai daɗewar da zai yi. Ki rubuto min abin da ya zaɓa da abin da likitan gashi ya ce game da keken. Allah ya shirya miki zuri'a, ya sanyaya zuciyar maigidanki.